Shin ya dace jiha ta ƙara haraji yanzu da ake cewa tattalin arziki na farfaɗowa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lokaci ya yi da jiharmu ta Katsina za ta ƙara haraji tunda an ce abubuwa sun fara daidaituwa. Ni a ganina da sauran lokaci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, Katsina ma na ciki. Amma farfaɗowar ba ta iso aljihun talaka ba tukuna. Je ka Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina da yamma ka ga mai adaidaita yana ƙirga kuɗin yini: ya cire na mai, ya cire na mai keke, ya biya tikiti, abin da ya rage da ƙyar zai auno kwanon masara. Wannan bawan Allah za a ƙara wa?

Ba na ƙin haraji, domin jihar da ta dogara da Abuja kaɗai tana cikin haɗari ranar da farashin ɗanyen mai ya faɗi. Sai dai a fara toshe ɓaraka, a daina karɓar kuɗi hannu da hannu a kasuwannin Charanchi da Mai'aduwa, kowane sisi ya shiga asusu. Sannan manomin Batsari ya iya zuwa gonarsa lafiya, a ga magani a asibitin karkara.