Ajiye Brasso ɗin nan tukuna

Ka tambaye ni ko ka goge ƙafafun teburin da aka kawo jiya da Brasso, maganin goge ƙarfe, har su ɗau ƙyalli, sannan a cire madubin saman teburin da ya yi dabbare-dabbare a yanko sabo. A'a, ɗana. Idan ka yi haka ka kashe kayan, ko da mai shi ya yi maka godiya.

Wannan aikin Faransa ne, irin ƙananan tebura masu hawa biyu da aka yi yayinsu daga wajen 1950 zuwa 1970 da 'yan kai. Gidajen da suka yi suna da su a Faris su ne Maison Jansen, wanda aka kafa a 1880, da Maison Baguès. Jansen ɗin nan su aka kira suka ƙawata ɗakunan fadar shugaban Amurka zamanin Kennedy. Amma kada bakinka ya yi saurin cewa wannan nasu ne. Masu kwaikwayo sun yi yawa, kuma na duba ƙarƙashinsa ban ga hatimi ba.

Fara da maganaɗisu. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, ba ta kama shi. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, gugar kirki ɗaya za ta tona shi. In bai manne ba ma, da sauran magana, domin da yawa an shafa musu ruwan zinariya ko banish mai launi, kuma kaurin wannan bai kai na bawon albasa ba. Brasso yana da ɓarɓashi mai kaushi a ciki, kankara yake yi. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Wannan duhu-duhun ruwan zuma da kake gani a lungunan gaɓoɓin, inda aka yi wa ƙafar siffar gora, shekaru ne suka saka shi, kuma shi masu sayen tsofaffin kaya suke biya. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu mara ƙarfi, auduga. Ka tsane shi sosai, ka bi da kakin goge kaya kaɗan. Inda ya yi kore kawai za mu taɓa, shi ma da tsinke, a hankali.

Madubin kuwa, zo ka duba shi ta gefe a hasken ƙofa. Ka ga tabon ya bazu ko'ina, har da jijiyoyi ruwan gwal? Da gangan aka yi shi a masana'anta, don ya yi kama da na da. Ɓarnar danshi daban take: daga baki take farawa, baƙi ƙirin, tana ci zuwa ciki, saboda ruwa ya sami azurfar da ke bayan gilashin. A kusurwar hagu akwai irinta kaɗan, ba ta kai a canza ba. Ni ina son madubin nan yadda yake, sabo ba zai taɓa ba da wannan hasken mai taushi ba.

Kada ka fesa masa komai kai tsaye, ruwan zai gangara cikin firam ya kwanta. Jiƙa tsumma ka matse. Maganin goge gilashi mai amoniya kuwa ko kusa, yana cin azurfar, yana kuma sa tagulla tsagewa. Ƙurar hunturu ka fara kaɗe ta da burushi mai laushi, in ka murza ta a bushe za ta zane fuskar.

Wajen kwancewa, kawunan nan huɗu na sama juya su ake yi, akwai sanda mai zare da ta ratsa kowace ƙafa. Da hannu, ban da filaya. Ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka manna wa kowane yanki lamba, don ba lallai na wannan kusurwa ya zauna a waccan ba. Madubin ka jingine shi a tsaye kan bargo, can bayan benci inda ba a wucewa.