Na kalli 200 Motels, ban gane kansa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni makaɗin piyano ne, muna bin garuruwa wajen bukukuwa. Wani abokina ya tura mini fim ɗin 200 Motels, ya ce rayuwar irinmu yake nunawa. Na kalla har ƙarshe ban gane kansa ba, balle gindinsa. Laifina ne ko na fim ɗin?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, haka fim ɗin yake, kuma da gangan aka yi shi haka.

Mawaƙin Amurka Frank Zappa ne ya rubuta shi, suka ba da umarni shi da Tony Palmer, ya fito a 1971. Motel masauki ne na bakin titi inda matafiyi ke kwana ya wuce. Zappa ya shekara da shekaru yana irin wannan kwana da ƙungiyarsa, Mothers of Invention, kuma abin da ya so ya nuna shi ne yawon kiɗa na iya taɓa wa mutum kai. Kai ma shaida ne: bayan gari na goma, ɗakin kwana ɗaya ne, fuskokin abokan tafiya ɗaya, hirar ma ita ce dai, kuɗi da mata da wanda shugaba ya fi so. Shi ya sa ya jibge makaɗan a wani ƙagaggen gari, Centerville, ya bar abubuwa suna faruwa kamar a mafarkin mai zazzaɓi. Ringo Starr na ƙungiyar kiɗan Beatles ya fito da shigar Zappa, Keith Moon, mai gangar ƙungiyar The Who, ya fito a kayan sistar coci.

Idan launukan fim ɗin sun dame ka kuwa, dalili shi ne a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke shi a ɗakin shirya finafinai na Pinewood a Ingila cikin 'yan kwanaki, daga baya aka mayar da shi fim na silima.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Zappa kan naɗi hirar makaɗan ƙungiyarsa, ƙorafinsu a kansa ma har da shi, ya zuba a rubutun. Ana gab da ɗauka, mai jitar bes ɗinsu, Jeff Simmons, ya ajiye aiki, aka ɗauko direban Ringo, Martin Lickert, ya hau gurbinsa. Ni wannan ɗabi'a ta Zappa ba ta kwanta mini ba. Abin da mutum ya faɗa a mota cikin gajiya amana ce.

Ka sake kallo, amma ka bar neman labari, ka saurari abin da makaɗan ke ce wa juna. Kada dai ka kunna shi gaban iyali, akwai batsa sosai. Saboda kalaman waƙoƙin ne ma zauren Royal Albert Hall na Landan ya soke wasan da Zappa zai yi a can a 1971.