Amsar Tambayarka Game da Makaɗa da Kyautar da Ake Yi Musu

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a wurin naɗin sarautar da ka halarta manyan mutane suka riƙa tuɓe riguna suna miƙa wa makaɗi, har ka ce a ganinka roƙo ne kawai aka lulluɓe da kiɗa. Ba ka kauce wa gaskiya gaba ɗaya ba, domin maroƙa muke kiran wasunsu, amma wanda ka ga ya tuɓe rigarsa sunansa da na iyayensa yake biya.

A zamanin da babu rediyo balle jarida, makaɗin fada shi ne yake riƙe da asalin gidan sarauta a kansa, ya san wanda ya haifi wane, da wanda ya tare gaba a ranar yaƙi. Idan ya buga taken sarki ya jero kakanninsa a bainar jama'a, 'yan amshi suna karɓa masa, sanƙira, wato maroƙin da ke tare da shi, yana ƙara fito da maganar, to yana shaida wa kowa ne cewa mai wannan rawani gadonsa ya yi. Saboda haka ne sarki yake ɗaukar nauyin makaɗinsa, ya ba shi gida da doki da sutura. Haka Narambaɗa ya zauna da kotsonsa yana yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, Salihu Jankiɗi kuma ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Kayan kiɗan ma ba kowa ake yi wa su ba, domin tambari da kakaki na sarki ne, attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki.

Akwai kuma tsoro a cikin wannan kyauta, ko da yake ba kowa ne zai amsa maka hakan ba. Bakin da ya iya yabo ya iya zambo. Makaɗi yakan ɗauki abokin hamayyar ubangidansa, ba tare da ya kama suna ba, ya siffanta tafiyarsa ko rowarsa, ya kamanta shi da wata dabba, kafin kasuwa ta sake ci yara sun haddace, mutumin kuma ya shiga kabari da wannan laƙabi. Na ga dattijon da ya yi kyautar da ta fi ƙarfinsa don kawai a wuce shi ba a taɓa shi ba.

Kada ka ɗauka fada ce kaɗai take da waƙa. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma a ranar gayya, ɗan dambe ba ya shiga fage sai ya ji takensa, mata kuma suna da amada da shantu. Malamai ma sun san ƙarfinta: Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis ɗinta, wato malamai mata da take turawa ƙauyuka. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ita da jam'iyyar NPC da waƙa suka yi ta jifan juna a dandalin taro. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wake sarki ya kuma wake direba da ɗan kasuwa da kalangu ɗaya.

Abin da nake ƙorafi a kai yanzu shi ne yadda ake rubuta wa mawaƙi sunayen iyayen mutum a takarda, ya shiga situdiyo ya rera su, alhali bai taɓa taka ƙofar gidan ba. Makaɗin da ka gani ranar nan ba a rubuta masa komai ba. Ubansa ne ya yi wa kakan wannan basarake kiɗa.