Na saki fenariti da gangan, daga baya muka ci kofi: ya hukuncin ragon da kuɗin?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, ni ne gola kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Bayan yankan riɗi bana aka shirya gasar ƙungiyoyi 16, kowace ta biya naira 10,000. An cire 40,000 na alƙalan wasa da ƙwallo da raga, sauran 120,000 aka yi kyauta da su: ta ɗaya 70,000, ta biyu 35,000, ta uku 15,000. Wani ɗan garinmu mai kasuwanci a Kano ya ƙara da rago ga wanda ya ci kofi. A wasan ƙarshe na rukuni mun riga mun haye da maki 6. Abokan karawarmu makinsu 2, dole sai sun ci mu, in ba haka ba yaran wani ƙaramin ƙauye masu maki 4, da suka gama wasanninsu kwana ɗaya kafin nan, su za su haye. A garin masu maki 2 nake neman aure, yayan yarinyar ne ɗan gabansu. Da daddare ya same ni, har ya faɗa mini gefen da yake bugawa. Washegari saura minti biyar aka ba su fenariti, na faɗi ɗaya gefen. Sun ba mu 20,000 mu huɗu da muka san maganar, na zuba 5,000 ɗina a asusun rufin masallaci. Daga baya muka ci kofin da guminmu, na samu 3,500 cikin mu 20, muka yanka ragon. Wani abokina ɗalibi ya ce kuɗin gasar ba komai, Ibnu Taimiyya ya halatta, kuma Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana a kan tumaki. Sadakar nan ta wanke ni? Naman da kuɗin halal ne?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar yadda take, har da zancen neman auren, wanda da ka ɓoye ba mai sani. Shi ne ya nuna mini ba naira 5,000 ce ta kayar da kai wancan gefen ba, nauyin yayan yarinya ne. Zan dawo kan wannan.

Sakin ƙwallon ha'inci ne, kuɗin da aka ba ku a kansa cin hanci ne. Wannan ba ya buƙatar a buɗe littafi, kai ma da ba ka sani ba, da ba ka yi saurin kai kuɗin masallaci ba. Da ka tambaye ni kafin ka zuba, da na ce kada su shiga rufin ɗakin Allah, ka nemi matar da aka bari da marayu ka ba ta. Kada kuma ka mayar wa wanda ya ba ka, ya riga ya karɓi abin da ya saya. Tun da sun tafi, shi ke nan, ba za ka je ka ɓamɓaro kwano ɗaya daga rufin ba. Ka dai daina kiransu sadaka. Ƙazanta ce ka fitar daga aljihunka, kuma fitar da ita bai biya waɗanda kuka cuta ba.

Ragon kuwa, magana ɗaya a wasiƙarka ita ta cece shi: "mun riga mun haye". Ha'incin bai ɗaga ku ko taku ɗaya zuwa ga ragon ba, wasu ya ɗaga. Mai ragon kuma ba ɗan gasa ba ne, daga aljihunsa ya fitar, ba ya jiran ya dawo masa. Zahirin maganar Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, bai bar kyauta a irin wannan wasa ba ko da daga waje ta zo, amma ni a nan ina tare da malaman zamani da suka sauƙaƙa a kyautar wanda ba ya cikin masu gasa. Don haka naman halal ne gare ku. Da surukan naka ne suka kai ga ragon, da hukuncinsa ya canza, don ta tsanin ƙarya suka hau. Sharaɗi ɗaya zan sa maka: idan dokar gasar ta ce wanda ya sayar da wasa korarre ne, to ba ku cancanci ku buga wasan ƙarshe ba tun farko, sai ka gaya wa mai ragon gaskiya, in ya yafe ya yafu, in ya ce a biya ku biya.

Babbar maganar ita ce wadda ka faɗa a gurguje kamar lissafin sakatare. Naira 40,000 ta alƙalai da ƙwallo ladan aiki ce da kuɗin kaya, babu laifi. Amma 120,000 ɗin nan, kowace ƙungiya ta ajiye 7,500 a tsakar fili a kan ko ta kwashi na wasu ko a kwashe nata. Ka cire sunan "gasa" da "kofi" ka sake dubawa, za ka ga abin da ake yi a ƙarƙashin tsamiya ranar kasuwa da karta. Caca ce.

Abokinka bai ƙirƙiri magana ba, amma ya ɗauko rigar wani ya sa wa wani. Asalin babin hadisin Abu Huraira ne, cewa babu karɓar kyautar tsere sai a raƙuma, ko dawaki, ko harbin kibiya. Ko a waɗannan ukun, duk wanda ya sauke Risala ya san abin da Ibnu Abi Zaid ya kawo: Sa'idu ɗan Musayyib ya ce idan duka biyu za su sa kuɗi sai a shigo da na uku wanda bai sa komai ba, in ya ci ya ɗauka, in bai ci ba babu komai a kansa, Imam Malik kuwa ya ce mutum ɗaya ne zai fitar, in wani ya riga shi ya ɗauka, in shi ya yi gaba abin ba ya komawa aljihunsa. Khalil ya rufe ƙofar gaba ɗaya, ya ce duka biyu ba sa fitarwa ko da an shigo da na ukun. Abin da Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim suka saɓa a kai shi ne wannan na ukun: suka ce ba a buƙatarsa, duka biyu suna iya fitarwa. To amma a wane irin tsere? A tseren da ake tanadin kare addini da shi. Ba zan ɓoye maka ba, Ibnu Taimiyya ya faɗaɗa har zuwa kokawa da gudun ƙafa, sai dai ya ɗaure maganar da sharaɗin a nufi taimakon Musulunci da su. Ka tambayi abokinka, tsakaninsa da Allah, a daren da aka zauna ana tsara gasar, akwai wanda wannan niyya ta ratsa zuciyarsa? Ba garin wane ya fi garin wane ake nema ba?

Zai ce ai ƙwallo na ƙarfafa jiki, mumini mai ƙarfi kuma ya fi soyuwa ga Allah. Noman rani ma na ƙarfafa jiki, haka dakon buhu a kasuwar Gujungu. Mu ce kenan 'yan dako goma su haɗa kuɗi, wanda ya fi ɗauka ya kwashe? Idan ƙarfin jiki kaɗai ya isa dalili, to hadisin da ya ware abubuwa uku bai ware komai ba kenan. Zai ce ai ba sa'a ba ce, iyawa ce. Sukuwa ma iyawa ce, mahayi da dokinsa sai sun sha horo, duk da haka Malik ya hana mahaya biyu su ajiye kuɗi. Zai ce kowa da yardarsa ya biya. Ban taɓa jin ɗan cacan da aka sa wa wuƙa a wuya ba; duk da yardarsu suke ajiyewa, kowa yana ganin shi zai kwashe. Yardar da ke halatta dukiya ita ce ta wanda ya ba ka yana nufin abin ya zama naka, ba ta wanda ya ajiye yana fatan ya tafi da naka ba.

Labarin Rukana kuma, Tirmizi da ya ruwaito kokawar ya soki isnadinta da kansa. Ruwayar da ta ambaci tumaki Abu Dawuda ya kawo ta cikin hadisai mursalai, wato waɗanda tabi'i ya jingina wa Annabi (SAW) kai tsaye ba tare da ambaton sahabi ba, wasu malamai sun ƙarfafa ta. Mu ɗauka ta inganta. Rukana a lokacin bai musulunta ba, gagararre ne da ba a kai bayansa ƙasa, kayar da shi aya ce aka nuna masa. Sannan yaya labarin ya ƙare? Annabi (SAW) ya mayar masa da tumakinsa. In abokinka na son bin wannan hadisi, madalla, ya bi shi har ƙarshensa, a mayar wa masu tumaki tumakinsu. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Doha a 2003, da ta halatta gasa mai kyauta, ta sa sharaɗin kada kyautar ta fito daga aljihun dukkan masu gasar. Waɗannan su ne masu sauƙaƙawar, kuma ga inda suka tsaya.

Na tsananta a nan ne don kuɗin da aka tara su suka mayar da faɗuwarka daga ƙarya zuwa cin dukiyar mutane. Ban san yaran ƙauyen nan ba, amma na san irinsu. A kakar bara, kan hanyar zuwa wata ta'aziyya, na tsaya gefen wata gonar gero da aka share ta zama fili: turakun darbejiya, igiya a sama a madadin ƙarfe, layi an ja shi da toka. Wata ƙungiya ta sauko daga bayan a-kori-kura, takalmansu ba su ishe su ba, wanda aka canza sai ya tuɓe ya miƙa wa mai shiga da ɗuminsa. Na tambayi ɗaya inda suka samo kuɗin shiga, ya ce ƙwadago suka yi su duka. Irin waɗannan ne suka tsaya a gefen fili suna yi muku addu'a ku riƙe canjaras, kai kuma ka san gefen da ƙwallon za ta bi.

Ga lissafinka. Cikin 70,000 ɗinku, 7,500 ne naku na asali, 62,500 na mutane ne, kuma masu su sanannu ne, ba a yin sadaka da dukiyar da aka san mai ita. A rabonka na 3,500, naira 375 ce taka, 3,125 bashi ce a wuyanka. Kai ne kyaftin, ka tara yaranka ka faɗa musu. Wanda ya ƙi, nauyinsa na kansa. A kira kyaftin-kyaftin a ƙofar gidan dagaci, a ajiye kuɗin a gabansu, wanda ya ce ya bar muku bayan kuɗin sun zo hannunsa, ya halatta. Amma kada a mai da wannan dabarar baɗi, a ce mu tara sannan mu yafe wa juna. Yaran da kuka fitar su za ka fara zuwa wa, da ƙafarka, ka tabbatar 7,500 ɗinsu ta koma ko da ku huɗun ne za ku cike, ka faɗi abin da ka yi, ka nemi yafiya. Ka faɗi naka laifin kawai, kada ka ambaci sunan kowa, kuma ka tafi da dattijo ɗaya, don na san yadda maganar ƙwallo ke komawa sanda da gora tsakanin ƙauyuka.

Ba na cewa a daina gasar. Matashin da ke fili da yamma ya fi mini wanda ke bayan gari da kwalbar maganin tari. A karɓi kuɗin hidima daidai hidimar, abin da ya saura a mayar, kyauta kuma a nemo ta wurin irin mai ragon nan. In ɗan siyasa ne ya kawo, a duba kada igiyar ragon ta zama ta jan ku bangar siyasa. Wasannin ƙarshe na rukuni kuma a buga su lokaci guda ko da a gonaki biyu ne. Ba ku kuka fara ba: a gasar kofin duniya ta 1982 a Sifaniya, Aljeriya ta gama wasanta, washegari Jamus ta Yamma ta ci Ostiriya 1 da nema suka koma gara ƙwallo har aka tashi, duka biyu suka haye, Aljeriya ta dawo gida, daga gasar 1986 aka koma buga irin waɗannan wasanni lokaci ɗaya. A nan Bauchi kuwa, a 2013, an tashi wasa 79 da nema, wani 67 da nema, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da 'yan wasan har abada. Kai ƙwallo ɗaya ka saki, amma hanyar ɗaya ce.

Ba ka tambaye ni ba, amma zan faɗa. La'asar kafin a busa, ba bayan an tashi rana ta yi ja ba. Wando ya rufe gwiwa. In akwai mai binne laya a bakin ragarka ko yayyafa wa turaku wani abu da asuba, ka tone ka hana, wannan ya fi duk abin da muka tattauna haɗari. Cacar waya a kan wasannin Turai kuwa, in ta shigo cikin yaranka, ka san ƙanwar cacar kuɗin gasar nan ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Saura yayan yarinya. Ban ce ka fasa neman ba, ita ba ta buga fenariti ba. Amma mutumin ya gwada ka da daddare ya ga kana lanƙwasuwa, kuma zai zama surukinka shekaru masu yawa in Allah ya ƙaddara. Gobe ba ƙwallo zai roƙa ba, shaida ce a kan iyakar gona, ko sa hannu a kan abin da ba ka gani ba. Kafin ka je wurin yaran can, ka fara samunsa ku biyu, cikin girmamawa, ka ce: "Yaya, abin nan ya hana ni barci, zan je in nemi yafiya, ba zan ambace ka ba." Ka lura da abin da zai ce maka, sannan ka gaya wa mahaifinka kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Allah ne mafi sani.