Koren tangaran na ƙasar Sin: daga ina launinsa da adonsa suke?

An yi tambaya kan tsofaffin kwanukan tangaran na ƙasar Sin masu launin tsanwa, waɗanda ake kira seladon, ko fenti aka shafa musu. Ba fenti ba ne. Launin yana fitowa daga ɗan sinadarin ƙarfe da ke cikin ruwan ƙyallin da ake shafa wa yumɓu, domin idan aka gasa kwanon a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200, aka kuma tauye masa iska, sai ƙarfen ya rikiɗe ya zama kore.

Adon kuwa a jikin yumɓun yake. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, maginan Yaozhou a lardin Shaanxi kan sassaƙa furanni da wuƙa a karkace tun yumɓun bai bushe ba, sai ruwan ƙyallin ya taru a ramukan, launin ya fi duhu a wurin. A ganina wannan ne mafi gwaninta. Maginan Longquan a lardin Zhejiang kuma sun shahara da kifi biyu da suke liƙawa a tsakiyar faranti, kuma manyan farantansu da yawa suna ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul.