Kafin ka sayi rasor, duba siyen gitar ɗinka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka: gitar ɗinka mai ƙirar Stratocaster ce, irin ta Sin, kuma da zarar ka taɓa sandar bibrato (sandar da ake dannawa sauti ya yi rawa) ko ka ja tsirkiya sama, sai saitin ya watse, musamman tsirkiyar sol, ta uku in ka ƙirga daga siririyar. Kana so ka aika a sayo maka sabon siye (ɗan abin nan mai tsaga da tsirkiyoyi ke bi a ƙarshen wuyan gitar) da sabbin rasor (sifirin da ke cikin bayan gitar) daga waje, kana tambaya ko hakan zai magance matsalar. Siye kam e, galibi shi ne mai laifin. Rasor kuwa, ka riƙe kuɗinka tukuna, kada a bar jaki ana dukan taiki.

Ga gwajin da nake yi wa duk gitar da aka kawo mini da wannan ƙorafi. Ka saita ta daidai, ka danna sandar ƙasa, ka sake, sannan ka duba tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ko biyu ne suka kauce, sauran suna nan, to ba ruwan rasor, domin su dukkan shidan suke ja tare. Sai in duk shidan sun hau ko sun sauka lokaci guda ne za ka zargi abin da ke bayan gitar. Sannan ka kasa kunne sa'ad da kake murɗa kunnen sol, wato mamurɗin da ake saita ta da shi: kana murɗawa sauti bai motsa ba, can sai ka ji "ƙyas", ya yi tsalle ya wuce inda kake nema. Tsirkiya ce ta maƙale a tsagar siye.

Abin da ke faruwa shi ne, in ka danna sanda tsirkiya na sassautawa, sai guntun da ke tsakanin siye da kunne ya janye ta baya kaɗan. Ka sake sanda, ya kamata ta zame ta koma mazauninta. In tsagar ta matse ta, ba za ta komo duka ba, sai sauti ya tsaya a sama. In kuma da yatsa ka ja ta, akasin haka ne, ta dawo a ƙasa. Siyen roba da ke zuwa da gitar masu araha yana da laushi, tsirkiya na cin sa har ta haƙa wa kanta rami. Abin ya fi muni ga wanda gitarsa ta zo da tsirkiya sirara masu lamba 9-42, ya je ya ɗaura masu kauri 10-46 ba tare da an buɗa tsagar ba.

Kafin ka cire komai, ka sassauta tsirkiya, ka ɗaga ta, ka goge tsagar da tsohon burushin haƙori. Za ka sha mamakin jar ƙasar da za ta fito, ƙurar hunturun Yamai ba ta barin kowane lungu. Daga nan ka goga bakin fensir a ciki har ya yi baƙi, ka sa kaɗan a ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan da ke danne si da ƙaramar mi, siraran tsirkiyoyi biyu, a kusa da kunnuwa. Kada ka zuba man inji ko ka cika basilin. A garin da ba ƙura wataƙila su yi amfani, amma a nan su da ƙura haɗuwa suke su zama taɓo mai cin tsaga. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, sai canji. Wanda ake sayarwa da tsagarsa a yanke, irin TUSQ XL na kamfanin Graph Tech, yana da santsi a jikinsa domin an cuɗa shi da PTFE, wani sinadarin roba mai sulɓi, kuma ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba. Amma kada ka aika saƙo ka ce kawai "siyen Strat". Ka auna tsawon naka, yawanci milimita 42 ne ko 43, ka auna kaurinsa da tazarar da ke tsakanin babbar mi da ƙaramar mi, wato tsirkiyoyin gefe biyu, sannan ka duba ko gindinsa shimfiɗe yake ko lanƙwashe. Gitar Sin ba su cika bin awon Fender, kamfanin da ke yin Stratocaster ta asali, ba, kuma abin da ya iso daga Faransa ko Dubai ba a mayar da shi.

Ni dai ƙashi na fi so, kuma ba sai ka ƙetare kogi ba ka samu. Ƙashin ƙwaurin sa daga wurin mahauci, a dafa shi sosai a fitar da ɓargo da maiƙo, a bar shi ya bushe ƙarau. In aka yi gaggawa maiƙon zai riƙa tsattsafowa, gam ya ƙi kamawa. Wahalarsa ita ce yankan tsaga, don ƙananan magagarai na wannan aiki ba su samuwa a ko'ina. A kasuwar Katako za ka iya dacewa da ƴan siraran wayoyin da masu walda ke share bakin tocinsu da su, suna yin aikin in ka yi haƙuri. Guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi ma tana goge tsagar manyan ukun.

Wajen cire tsohon, ka fara bin gefensa da reza don kada fenti ya ɓalle, sannan ka ɗora ɗan katako a gefe ka ƙwanƙwasa a hankali ya zame. Sabon kuma ta gindi ake rage masa tsawo, a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi, kana gogawa kana gwadawa. Awon da nake bi: ka danne tsirkiya tsakanin ƙarfe na biyu da na uku na jikin wuyan gitar, ka duba saman ƙarfe na farko. Tazarar ta zama kamar kaurin takarda, in ka ɗan buga ka ji "tik". In ta kwanta a kai ka wuce gona da iri, za ta riƙa zuza. Kowace tsaga ta ɗan fi tsirkiyarta faɗi, ta gangara wajen kunnuwa, tudunta na bakin da ke kallon jikin gitar. Ɗigo biyu na gam ɗin kafinta sun isa. Wanda ya malala gam mai kamawa nan take, ranar canji da katakon wuya zai fito.

To, rasor. Tun 1954 da Fender ya fito da wannan tsari, aikinsu ɗaya ne: tsirkiyoyi na jan farantin ƙarfen da sandar ke maƙale a kai gaba, su suna jan sa baya. Jerin 10-46 na ja da nauyin da ya haura kilo 45, rasor uku na ɗaukar wannan lafiya lau, ko da yake akwai gurbin biyar. Ƙara na huɗu ba ya gyara saiti, sandar kawai yake ƙara wa tauri. Ana canza su ne in sun yi tsatsa, abin da damina da gumin hannu ke jawowa, ko in ɗaya ya saki har kana iya kaɗa shi da yatsa. In suna amsa kuwwa cikin amfili, ka cusa ɗan soso a tsakaninsu.

Inda na fi samun ɓarna shi ne kusoshi shidan da ke gaban faranti. Ana ɗaure su tamau, faranti ya kasa komawa inda ya taso. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaga duk shidan kamar milimita ɗaya da rabi, sannan ka mayar da biyun gefe har kansu ya taɓa faranti kawai. Bayan nan ka buɗe murfin baya, ka daidaita da dogayen kusoshi biyu masu riƙe ƙugiyar rasor, rabin murɗi, ka sake saiti, ka duba. Fender na cewa bayan faranti ya tashi kamar milimita 3 daga jiki. Ka kula da siririyar wayar da aka liƙa a jikin ƙugiyar. In ta tsinke, gitar za ta riƙa gurnani a amfili.

Sai dai ka tambayi kanka sau nawa kake jan sandar nan sama. Kiɗanmu na biki, da salon ƴan Agadas da Abalak, aikin yatsa ne. In haka kake, ka ɗaure ƙugiya har faranti ya kwanta a jikin gitar: kana iya dannawa ƙasa, kuma in tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar rawa sauran biyar ba za su watse ba. In ma ba ka taɓa sandar sam, ka sa kafinta ya yanka maka ɗan katako ka toshe bayan ƙarfen da rasor ke maƙale a kai, yadda gitar shahararren makaɗi Eric Clapton take.

Kuma duk gyaran nan ba zai hana ta motsi ba in ka goyo ta a bayan moto cikin ranar Afrilu, ka sauka ka hau saiti nan take. Ka buɗe jakar a inuwa ta huce tukuna. Sabbin tsirkiyoyi kuma ka jajja su da hannu har su daina sauka, naɗi biyu zuwa uku a kan kunne, kowane ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ka yi gwajin farkon nan ka gaya mini tsirkiyoyin da suka kauce, da ko hawa suka yi ko sauka.