Filin Noma da Kiwo: Tumakin Gida Suna Kawo Kuɗi Kuwa?

Tambaya: Ina da gona kadada ɗaya da 'yan kuɗin da za su sayi dabbobi biyar. Tumaki zan saya su riƙa haihuwa, ko raguna zan turke don Babbar Sallah? Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Malam, kafin ka taka kasuwa, leƙa kan rumfarka ka ga harawa nawa ka ɗaure. Ita za ta raba gardama. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki, kuma in ta ƙoshi tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu, sai dai kuɗinta ba ya zuwa da wuri. Turka kuwa wata uku ce, ka sayar ka juya. Da dabba biyar, mu dai shawararmu tumaki uku da raguna biyu: ragunan su kawo kuɗin hannu, tumakin su gina garke.

A 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, wato turkar za ta kama daidai lokacin da damin harawa ya fi tsada. Wanda bai tara harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa tun kaka ba, mai sayar da abinci zai yi wa aiki. Ka ajiye ta a sama, inda gara da raɓa ba za su taɓa ta ba.

Wajen saye, nemi rago mai tsawo da faɗin ƙashi wanda rama kawai ta kama, ba ciwo ba. Buɗa bakinsa: in manyan haƙora biyu sun fito a gaban muƙamuƙin ƙasa, ya kai shekara ko ya ɗara, ya isa layya ba musu. Janye fatar idonsa ta ƙasa. In ka ga ta yi fari fat, tsutsa ko ciwon hanta sun shanye masa jini. Duba gindin wutsiya ko akwai busasshen zawo. Mai ido ɗaya, da gurgu, da mai karyayyen ƙaho yana jini, bar wa dillali kayansa komai arha, don mai layya ba zai kalle su ba. Balami da Uda sun fi cika ido, sun kuma fi ci. Ɗan ƙasa ya fi jure wahala, ya fi saurin fita a hannun mai ƙaramin ƙarfi. Maigatari na kusa da kai, ranar Alhamis take ci. Je sau biyu ka ji ciniki kafin ka fito da kuɗi.

Da ka kawo su, ware su daga na gida har mako biyu, a ba su maganin tsutsa, malamin dabbobi ya yi musu rigakafin PPR, cutar nan mai majina da zawo da kan share garke. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana haɗa allurar. Rago mai kilo 30 na bukatar abin da ya kai kilo 1 zuwa 1 da ɗoriya na busasshen abinci a rana, fiye da rabi harawa, sauran dusa da ɗan ƙuli-ƙulin auduga. Ruwa kada ya yanke.

Tambaya: Na ba ragona ragowar tuwo da tsabar masara don ya yi saurin ƙiba, washegari ya kwanta, ciki a kumbure. Me ya jawo? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, hatsin ne ya yi masa yawa a lokaci ɗaya. Tumbin rago ya saba da ciyawa. In hatsi ya auka masa kwatsam sai ya yi tsami, tuƙa ta tsaya, iska ta taru a kwiɓin hagu. Ki janye hatsi da dusa nan take, ki bar masa busasshiyar harawa, ki tashe shi tsaye, a kira malamin dabbobi a ranar. Kada a ɗura masa komai yana kwance kai a sama, yana iya shaƙa ya tafi huhu. Nan gaba, dusa ma da cikin tafin hannu ake farawa, a yi ta ƙarawa har kwana 10 zuwa 14.

Akwai wata illar da masu turka ba su cika lura da ita ba. Dusa zalla ba harawa tana tara wa rago tsakuwa a mafitsara. Za ki gan shi yana ta miƙa, yana kuka, fitsari na ɗiga ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan ba ciwon jira ba ne. Gishiri kaɗan a abinci yana sa shi shan ruwa, ya rage haɗarin.

Tambaya: Zan iya ba tunkiya mai ciki maganin tsutsa na albendazole? Daga wani makiyayi a Maraɗi.

Amsa: Za ka iya, amma ban da farkon ciki har zuwa kwana 45, don yana iya taɓa ɗan da ke ciki. Ka ba ta kafin barbara, kuma gwargwadon nauyinta, ba da ƙiyasin ido ba. Ragaggen magani shi ke sa tsutsa ta saba da shi har ya daina kashe ta.